Yadda Za A Taimaki Bishiyar Tuffa Ta Jure Zafi, Fari Da Cuta A Ƙasar Bauchi

Tuffa, wadda 'yan kasuwa ke kira aful, asalinta daga duwatsun tsakiyar Asiya ne, wajen ƙasar Kazakistan, inda sanyi ke sa ta zubar da ganye ta yi barci na watanni kafin ta farka da fure. Yawancin irin da ake nomawa a Turai da Amurka yana bukatar awanni 800 zuwa sama na sanyin da bai wuce digiri 7 ba, alhali hunturunmu na Bauchi, duk da yadda yake sa mu rawar ɗari, da wuya ya sauka zuwa nan. Wannan rashin hutun shi ne tushen yawancin wahalar da tuffa ke sha a wurinmu, domin bishiyar da ba ta huta ba takan yi fure a warwatse, ta yi rauni, sannan cuta ta same ta a sauƙaƙe.

Saboda haka aikin yana farawa ne daga zaɓen iri da wuri. Irin Anna, wanda aka samar a Isra'ila, da Dorsett Golden, wanda ya fito daga tsibiran Bahamas, ba sa bukatar sanyi mai yawa, kuma ana dasa su kusa da juna domin ƙudan zuma su kai garin furen ɗaya zuwa ɗaya, tunda tuffa ba ta cika yin 'ya'ya sosai ita kaɗai ba. A nemi dashe mai aure, kamar yadda ake yi wa mangwaro, kada a shuka ƙwallon tuffar da aka saya a kasuwar Wunti, domin abin da zai tsiro ba zai gaji uwarsa ba. Ta fuskar wuri kuwa, yankunan da ke maƙwabtaka da tsaunin Jos, irin su Toro da Bogoro da Tafawa Balewa, sun fi arewacin jihar dacewa nesa ba kusa ba. A ganina, ko a can ɗin ya kamata mutum ya fara da bishiya ƙalilan, ya ga halinsu tukuna kafin ya zuba dukiyarsa.

Babban aikin da manominmu zai koya shi ne bai wa bishiyar hutun da yanayi ya hana ta. Manoman tuffa na tsibirin Jaba a Indunusiya sun daɗe suna yin haka: bayan sun tsinke 'ya'ya, sukan zage ganyen bishiyar gaba ɗaya da hannu, sai idanun rassan su buɗe a tare bayan 'yan makonni. A nan ana iya yin hakan bayan ɗaukewar damina. A janye ban ruwa na kamar mako biyu zuwa uku, a zage ganyen, a yi wa bishiyar aski, sannan a zuba ruɓaɓɓen taki a dawo da ruwa. Manufar ita ce furen ya fito cikin sanyin Disamba, kada ya faɗa cikin zafin Maris da Afrilu, lokacin da yake bushewa ya zube. Haka kuma a lanƙwaso rassan da suka miƙe sama, a ɗaure su da igiya a turke har su kusa kwanciya, domin reshen da ya miƙe tsaye ganye kawai yake yi a ƙarshensa, wanda aka kwantar kuwa yakan fitar da fure a tsawonsa.

Idan zafi da ƙishirwa suka tsananta, bishiyar tana da dabararta: takan rufe ƙananan ƙofofin da ke bayan ganye domin ta rage asarar ruwa. Sai dai ta waɗannan ƙofofin take shaƙar iskar da take haɗa abinci da ita, don haka muddin suna rufe, 'ya'yan ba sa girma. Mai lura zai ga ganyen ya naɗe da tsakar rana, gefensa ya ƙone ya yi ruwan ƙasa. Maganin shi ne ban ruwa mai zurfi a kan tsari da sassafe ko da yamma, ba yayyafi na kullum ba, tare da rufe gindin da ciyawa ko ɓawon gyaɗa, amma a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da kututture saboda gara. Ruwan da ake bayarwa yau a hana gobe yana hana sinadarin kalsiyam isa cikin 'ya'yan, shi ne suke yin ɗigo-ɗigo masu ɗaci a ƙarƙashin fata. A shafa wa kututturen farar ƙasa domin kada rana ta tsaga ɓawonsa, kuma kada a yi askin da zai bar 'ya'yan tsirara a gefen yamma.

Da damina kuma matsalar takan juya. Saiwar tuffa ba ta jure kwanciyar ruwa, shi ya sa fadama mai laka ba wurinta ba ne. Inda ruwa ke tsayawa, ruɓar gindi ke shiga: ganye ya yi rawaya tun watan Agusta, idan aka kankare ɓawon daidai ƙasa sai a tarar da cikinsa ya yi ja-ja a jiƙe maimakon fari. A dasa ta a kan tudun da aka tayar, kuma mahaɗar auren ta kasance sama da ƙasa sosai.

Cututtukan ganye biyu ne suka fi damun tuffa. Ɗaya tana yin baƙaƙen tabo a ganye da 'ya'ya idan ganyen ya daɗe a jiƙe, ɗayar kuma tana rufe sabon toho da wani farin abu kamar an barbaɗa gari. Dukkansu suna son bishiya mai cunkoson rassa, don haka a buɗe tsakiyarta iska ta riƙa ratsawa, a yanke tohon da ya kamu, a kwashe ganye da 'ya'yan da suka faɗi a binne ko a ƙone, wanda hakan yana kuma rage ƙudan da ke sa mangwaro tsutsa, domin tuffa ma ba ta tsira daga gare shi ba. A riƙa goge almakashi da sifirit kafin a koma wata bishiyar. Idan har sai an yi feshi, ana amfani da maganin da ke da farar wuta ko sinadarin kofa, wato jan ƙarfe, bisa shawarar malamin gona da abin da aka rubuta a jikin kwalbar. Maganin farar wuta yana ƙona ganye idan zafi ya haura digiri 30, saboda haka a bari sai yamma ta yi sanyi, kuma kada a fesa maganin ƙwari yayin da bishiyar ke cikin fure, domin zai kashe ƙudan zuman da ake jira su yi aikin.