Yadda ake haɗa allon lantarki da agogunan allura a ƙaramin jirgin ƙirar gida

Duk wanda ya sayi sassan ƙaramin jirgin sama don ya harhaɗa da hannunsa, irin waɗanda kamfanin Van's Aircraft na Amurka yake sayarwa, wata rana zai tsaya a gaban kujerar matuƙi yana tunanin abin da zai kafa a wurin. Akwai allon lantarki, kamar Garmin G3X ko Dynon SkyView, wanda yake nuna gudu da tsayi da karkatar jirgi da taswira da lafiyar inji a fuska ɗaya, akwai kuma tsofaffin agogunan allura, wato ma'aunai masu allura da kowanne yake nuna abu ɗaya. Shawarata ita ce a sa allon, domin ba shi da nauyi kuma yana rage wa matuƙi wahala, amma kada a kuskura a tashi da shi shi kaɗai. A shekarar 2010 hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta kwatanta ƙananan jirage masu allo da masu agogo, ba ta ga cewa allon ya ƙara tsaro ba, har ta nemi a ƙarfafa horon matuƙa a kansa.

Kafin a yanka rami ko ɗaya a jikin farantin da ake kafa na'urori a gaban matuƙi, a ɗauki takarda a rubuta abin da kowace na'ura ta dogara da shi, wuta ce ko iska ko tauraron ɗan Adam. Ƙa'idar ita ce, na'urar ko-ta-kwana ba ta da amfani idan abin da zai kashe allon zai kashe ta ita ma. Saboda haka nake ganin agogo uku sun zama dole: ma'aunin gudu, ma'aunin tsayi da kamfas na maganaɗisu. Na farko da na biyu da matsin iska suke aiki, na uku kuwa da maganaɗisun ƙasa, babu wanda yake buƙatar batir a cikinsu. A kafa su kusa da inda ido yake sauka, kuma a tabbatar ma'aunin da suke ƙirga da shi ɗaya ne da na allon, don kada ɗaya ya nuna kilomita ɗaya kuma ya nuna wani lissafin dabam a lokacin da hankali ya tashi.

Mu a Maraɗi muna da ƙarin larura, wato hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura takan haɗe sama da ƙasa, kuma idan ido ya rasa iyakar sararin sama jikin mutum yakan yi masa ƙarya, ya ji jirgi yana tafiya daidai alhali ya karkace. Mafi alheri shi ne kada a tashi a irin wannan rana. Amma tunda hazo yana iya rufe mutum a hanya, ya dace a ƙara ƙaramar na'urar nuna karkata mai batirinta na kanta, kamar Garmin G5, a ja mata waya da fis nata dabam. A gwada ta a ƙasa ta hanyar kashe babban makunni, a ga ko za ta ci gaba da aiki.

Inda mutane suka fi sakaci shi ne bututun da yake shaƙar iska a ƙarƙashin fiffike, da ƙananan ramukan da ke jikin jirgi. Allon da agogunan gudu da tsayi galibi daga nan suke samun matsin iska tare, idan kuwa bututun ko ramukan suka toshe za su yi ƙarya tare, kuma yardar da suka yi da juna ita ce za ta ruɗi matuƙi. A Fabrairun 1996 jirgin Birgenair ƙirar Boeing 757 ya faɗa teku bayan tashinsa daga Jamhuriyar Dominika, mutum 189 suka rasu, masu bincike kuma suka fi zargin cewa zanzaro ne ya yi gini a cikin bututun lokacin da jirgin yake ajiye. Kowa a nan ya san yadda zanzaro yake cika ƙaramin rami da laka. A sa wa bututun murfi mai jan ƙyalle duk lokacin da aka ajiye jirgi, a cire shi a leƙa ciki kafin kowane tashi, da damina kuma a duba ko ruwa ya kwanta a cikin tiyo. Kada a hura bututun da baki, domin hakan yana lalata agogo.

Zafin bazara, wanda yakan wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu, yana gajiyar da batir yana kuma sa allo ya ɗauke, don haka a ajiye jirgi a inuwa, a sa ƙaramar fanka a bayan farantin. A kai zanen tsarin ga hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Nijar, ANAC, a ji sharuɗɗanta tun kafin a kashe kuɗi. Bayan an gama, a tashi tare da malamin tuƙi, ya rufe allon da kwali, a yi ta maimaita kewaya fili da sauka da agogunan allura kaɗai, kuma a kowane tashi a daidaita matsin iska a ma'aunan tsayin biyu, na allon da na allura, tun jirgi yana ƙasa.