Yadda Ake Tantance Munin Mota Kafin a Yanke Hukunci

Masu iya magana sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Sai dai a sha'anin motoci ido yakan yi gaggawa, har ya kira baƙuwar siffa da sunan muni, alhali kuwa abubuwa biyu ne dabam. Wanda yake son ra'ayinsa ya yi nauyi sai ya iya rarrabe su.

Da farko, kada ka dogara da hoto. Ka tsaya daga gefen motar kamar taku goma, ka manta da launinta da sunan kamfaninta, ka auna girman tayoyin da girman jikin da suke ɗauke da shi, domin a nan ne muni na gaske yake ɓuya. Pontiac Aztek, wadda kamfanin General Motors ya fara sayarwa a Amurka a 2000, an gina ta ne a kan ƙashin ƙaramar bas ta iyali, sai jikinta ya yi tsayi da kauri, tayoyin kuma suka zama kamar na aro. An shafe robobin gefenta masu ruwan toka da fenti a ƙirar 2002, amma fenti ba ya gyara ƙashi, kuma a 2005 aka daina ƙera ta.

Bayan haka, ka buɗe ƙofa ka zauna a ciki, ka tambayi kanka dalilin da ya sa aka yi ta haka. Wannan mataki shi ne mutane suka fi tsallakewa, kuma a ganina shi ya sa aka zalunci Fiat Multipla ta 1998. An yi ta yi mata dariya saboda kumburin da ke ƙarƙashin gilashin gabanta, inda aka dasa wasu fitilu biyu. Amma motar da tsawonta bai cika mita 4 ba tana ɗaukar mutum shida, uku a gaba uku a baya, kowa da kujerarsa, ga manyan tagogi da suke ba direba damar ganin kowace kusurwa. Faɗinta da tsayinta aiki ne ya haife su. Da aka sauya mata fuska a 2004 don a kashe bakin masu suka, sai ta koma mota irin ta kowa.

Sannan ka ba idonka lokaci. BMW 7 Series ta 2001, wadda aka zana a ƙarƙashin jagorancin Chris Bangle, shugaban masu zanen motocin BMW a lokacin, ta sha suka saboda tudun murfin but ɗinta, amma ba a jima ba wasu kamfanoni suka shiga kwaikwayon salon. Idan mota ta tayar maka da hankali yau, ka sake dubanta a kan titi bayan wata shida, tana tafiya tsakanin sauran motoci, sannan ka faɗi ainihin gaɓar da ta ƙi kwanta maka, ko fitila ce, ko rufi, ko tayoyi.