Kurakuran da ake yi wa baƙon da ba komai yake ci ba, da yadda za a gyara su

"Haba, ɗan taɓa mana, ko loma ɗaya ce." Kusan kowa ya taɓa faɗin wannan magana, kuma da kyakkyawar niyya. Wanda ya yi girki yana son ganin an ci, wanda ya gayyato aboki gidan cin abinci yana son ganin ya ƙoshi. Ga yawancin mutane babu wata illa a ciki. Amma ga wanda jikinsa ba ya jituwa da gyaɗa ko riɗi, wannan lomar guda tana iya toshe masa numfashi kafin a kwashe kwanuka. Shi ya sa nake ɗaukar matsa wa baƙo lamba a matsayin kuskure na farko kuma mafi yawa. Tushensa shi ne mai gida ya ji kamar shi aka ƙi alhali abinci aka ƙi. Gyaran ba shi da wuya: a yi tayi sau ɗaya, in baƙo ya ce ba ya ci, a tambaye shi abin da zai iya ci, a wuce wurin.

Kuskure na biyu ya fi wannan zurfi, wato zuba duk masu kauce wa wani abinci a kwando ɗaya, a ce ai tsirfa ce ko iyayi. Dalilan sun bambanta ƙwarai, kuma kowanne da irin kulawar da yake buƙata.

Akwai mai alaji, wanda garkuwar jikinsa ke ɗaukar wani sinadarin abinci tamkar maƙiyi. A wurinsa ƙanƙantar abin ba ta hana haɗari. Amurka ta ware abinci 9 da doka ta tilasta a bayyana su a jikin kwali: madara, ƙwai, kifi, dangin jatan lande da ƙaguwa, 'ya'yan itace masu ɓawo irin su yazawa, gyaɗa, alkama, waken soya, sai riɗi da aka ƙara daga Janairun 2023. Tarayyar Turai 14 ta lissafa. Akwai kuma mai cutar siliyak, wadda ke samun kusan mutum 1 cikin 100. Sinadarin gulutin da ke cikin alkama da sha'ir yana lalata masa bangon ƙaramin hanji. Wannan mutum ba lallai ya faɗi a gabanka ba, yana iya cin abincin ya yi godiya ya tafi, sannan ya kwashe kwanaki yana fama da ciwon ciki da gudawa da kasala. Ƙa'idar da aka amince da ita a ƙasashe da dama ita ce ba a kiran abinci marar gulutin sai gulutin ɗin da ke cikinsa bai wuce kashi 20 cikin miliyan ba, wanda ke nuna maka cewa ɓurɓushin burodi ma lissafi ne.

Sai madara, inda ake yawan rikicewa. Kusan kashi biyu cikin uku na manya a duniya cikinsu ba ya narkar da sukarin madara yadda ya kamata. Irin waɗannan kumburin ciki suke yi, kuma da yawansu suna iya shan kaɗan ba tare da matsala ba. Mai alajin madara daban ne, furotin ɗin madarar ne ke tayar masa da cuta, don haka madarar da aka cire wa sukari ba ta da wani amfani a gare shi. Mai gidan da ya sayo irin wannan madara yana ganin ya kyauta, alhali ya ajiye haɗari a teburi.

Masu dalilin addini ko aƙida su ma ba iri ɗaya ba ne. Musulmi na kauce wa alade da giya da naman da ba a yanka bisa ƙa'ida ba. Bayahude mai kiyaye dokokin abincinsa ba ya haɗa nama da madara a ci ɗaya, ba ya cin jatan lande. Mabiya addinin Hindu da yawa ba sa cin naman shanu, mabiya addinin Jain kuwa har albasa da tafarnuwa da dankali suke bari saboda a ƙarƙashin ƙasa suke. Kiristocin Orthodox na Habasha suna barin nama da madara da ƙwai a ranakun Laraba da Juma'a na mafi yawan shekara. Wanda ya bar nama kawai yana iya cin ƙwai da cuku, wanda ya bar duk abin da ya fito daga dabba kuma ko zuma ba ya sha. Ba a buƙatar mutum ya haddace duk wannan. Abin da ake buƙata shi ne ya san cewa hasashe ba ya aiki a nan.

Wannan ya kawo mu ga tambaya, da lokacin yin ta. Mutane da yawa sai baƙo ya zauna an zuba abinci sannan su ce, "Af, ko akwai abin da ba ka ci?" A lokacin kunya ta riga ta ɗaure shi, sai ya ce babu komai. Lokacin tambaya shi ne lokacin gayyata, kafin a je cefane. Kuma yadda aka tsara ta yana da tasiri. "Kana cin komai ai ko?" tambaya ce da ta zo da amsarta. Gara a ce, "Yaya, kafin in yi cefane, akwai abin da likita ya hana ka, ko wanda jikinka ba ya so?" In ya ambaci wani abu, a ƙara tambaya ɗaya wadda ita ce mafi muhimmanci: in ya taɓa abincin kaɗan, kamar a cokali ko a tukunya, akwai matsala? Amsar wannan ce ke nuna ko cire abin daga faranti ya isa, ko kuwa sai an sake tsarin girkin gaba ɗaya.

Baƙon ma yana da nasa laifin, kuma ya kamata a faɗa. Wani yana yin shiru don kada ya ɗora wa mutane nauyi, ya zo ya zauna yana juya cokali, mai gida ya rasa abin da ya yi ba daidai ba. Wannan ya fi ɓata rai fiye da saƙon layi biyu da zai aika tun kwana uku kafin ranar. Wani kuma abin da ba ya so kawai sai ya kira shi alaji don a ɗauke shi da muhimmanci, daga baya a gan shi yana ɗanɗanawa daga farantin wani. Wannan ɗabi'a tana ɓata mini rai, domin masu girki da suka ga haka sau biyu sau uku sukan fara sakaci, kuma wanda zai biya bashin shi ne mai cutar gaskiya da zai zo gobe. In ba ka so ne, ka ce ba ka so. In abin da kake iya ci yana da wuyar samu, ka nemi izinin zuwa da naka, kuma ka kawo wanda zai isa wasu su ɗanɗana.

A cikin kicin ne aka fi yin kuskuren da ba a gani. Na farkonsu shi ne tsince abin daga sama: a kwashe gyaɗar da aka barbaɗa, ko a tsame naman daga miya a miƙa wa wanda ba ya ci. Abin da ya narke a ciki ya riga ya narke. Na biyu shi ne zaton wuta na kashe komai. Zafi yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya kawar da sinadarin gyaɗa da ke tayar da alaji, kuma man da aka soya kifi ko jatan lande ko abin da aka shafa wa fulawa a ciki yana ɗauke da su zuwa duk abin da aka soya bayansu. Haka giyar da aka zuba a girki, ba duka take ƙonewa ba kamar yadda ake yawan faɗa. Na uku kayan aiki ne: ludayi ɗaya a tukunya biyu, katakon yanka da aka goge da tsumma kawai, wuƙar da aka yanka burodi da ita aka tsoma a man shanu, matacin da aka tace taliya da shi. Hanya mafi sauƙi ita ce a fara dafa abincin wannan baƙon da kayan da aka wanke da sabulu, a zuba, a rufe, a ajiye gefe da nasa cokalin, sannan a shiga sauran girkin. A kuma lura cewa man tsaftace hannu na sanitaiza ba ya cire sinadarin gyaɗa daga fata, sai ruwa da sabulu.

Sai abubuwan da ke ɓoye cikin kayan kwalba da gwangwani. Mayonis da ƙwai ake yin sa. Yawancin ruwan ɗanɗano na waken soya (soy sauce) akwai alkama a ciki. Dunƙulen ɗanɗano na iya ƙunsar alkama ko waken soya ko madara, gwargwadon kamfanin. Jelatin da ke cikin wasu alewa da kayan zaƙi daga fata da ƙashin dabba ake samunsa, sau da yawa na alade. Kada a jefar da kwalayen da aka yi girki da su sai baƙo ya tafi, domin shi ya fi kowa iya karanta su, ya saba. Muhimmancin wannan ya fito fili a Birtaniya. A 2016 wata yarinya 'yar shekara 15 ta sayi burodi mai haɗi a filin jirgin sama na Heathrow, ba a rubuta a jikinsa cewa an cuɗa riɗi cikin ƙullun ba. Ta ci, ta faɗi a cikin jirgi, ta rasu. Daga Oktoban 2021 doka ta tilasta wa masu naɗe abinci a shagunansu su rubuta duk abin da ke ciki.

A wurin cin abincin kuma, kada a mai da mutum abin kallo. Sanar da jama'a cewa wane ba ya cin kaza, ko tsare shi da tambayar me ke faruwa da shi in ya ci, ko kawo masa labarin maganin da ya warkar da wani, duk suna sa mutum ya gwammace bai zo ba. A gaya masa a hankali wane kwano ne nasa. In da hali, a yi babban abincin ya zama wanda kowa zai iya ci har da shi, don kada ya zauna da ganye a gabansa sauran na cin gara. Mai ciwon suga da ke allurar insulin kuma lokaci ne damuwarsa. In an ce ƙarfe bakwai aka kai tara, sukarin jininsa na iya faɗuwa, don haka a gaya masa gaskiyar lokacin, a ajiye masa abin taɓawa. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda a rage gishiri a tukunya a ajiye shi a teburi, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya ƙasa da giram 5 a rana ta shawarta ko ga mai lafiya.

Yanzu batun gidan cin abinci. Baƙo ya sauka a garinku ya ce ina zan ci, sai ka ambaci wurin da kai ka fi so. Daɗin abincin wuri bai nuna ko sun san abin da ke cikin tukunyarsu ba, haka yawan taurarin da aka ba su a intanet. Kafin ka ba da sunan wuri, ka kira su a lokacin da ba cunkoso, ka nemi kuku ko manaja, ka yi tambayoyi takamaimai: da wane mai kuke suya, kaskon suyar ɗaya ne ga komai, miyar a nan kuke haɗawa ko sayowa kuke yi? Wurin da aka ce maka "bari in duba" ya fi kwantar mini da hankali fiye da inda aka yi saurin cewa babu matsala. Wurin da suka ce ba za su iya ba da tabbaci ba sun yi maka adalci, ka nemi wani.

Wasu wurare haɗarinsu ya fi yawa ga mai alaji komai kyansu. Inda ake jera abinci kowa ya ɗiba da kansa, cokula na yawo daga kwano zuwa kwano. Gidan burodi fulawa na tashi a iska. Wurin askirim cokali ɗaya ke shiga kowane mazubi. Wurin da jerin abincinsa gajere ne, ake dafa wa mutum nasa bayan ya yi oda, ya fi sauƙin sha'ani. Ka ba baƙo wuri biyu ko uku ya zaɓa da kansa, ka kuma gaya masa yaushe rabonka da zuwa, domin kuku na canzawa, kayan haɗi ma haka. In ka raka shi, ka bar shi ya yi wa mai kawo abinci bayani da bakinsa, kada ka tari numfashinsa ko ka rage nauyin maganar da cewa "kaɗan ba komai". In ba ya jin harshen wurin, a rubuta masa abin da ba ya ci a takarda da harshensu don a miƙa wa kicin.

In duk da haka abin ya faru, kuskuren da ya fi kisa shi ne jira. Alamun sukan bayyana daga 'yan mintoci zuwa awa biyu: borin jini, kumburin leɓe ko harshe, shaƙewar murya, numfashi da ƙyar, amai, jiri. Ruwa ko madara ko sa mutum ya yi amai ba sa tsayar da wannan, ƙwayar maganin ƙaiƙayi ma ba ta isa ba in numfashi ya taɓu. Masu alaji mai tsanani sukan riƙe allurar adiranalin, kuma ya dace mai masauki ya tambayi inda take tun kafin a zauna. Ana soka ta a gefen cinya ta waje, ko ta kan tufafi ne. A kwantar da mutumin a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi na ba shi wuya a bar shi ya zauna, amma kada a tsayar da shi ko a sa shi tafiya. A kira motar asibiti nan take. In bayan minti 5 babu sauƙi kuma akwai allura ta biyu, a yi masa. Ko ya ce ya warware sai an kai shi asibiti, domin alamun na iya dawowa bayan wasu sa'o'i, kuma a tafi da kwalin abin da ya ci don likita ya gani.