Yadda ake nemo tsohon hoton unguwarku da aka ɗauka daga jirgin sama

Kuskuren da samarinmu na unguwannin Nima da Mamobi a Akra suke yawan yi shi ne neman hoto da sunan unguwa. Rumbun waɗannan hotuna ba ruwansa da "Nima". Shekara ya sani, da lambar tashin jirgi, da lambar hoto.

Fara da sanin inda kayan suke. A 1946 Turawan Ingila suka kafa hukumar safiyon ƙasashen da suke mulka. Jiragen soja ne suka fara ɗaukar hotunan, daga baya aka riƙa ba kamfanoni irin su Hunting da Fairey kwangila. Tarin yanzu yana birnin Edinburgh na Scotland, a rumbun NCAP, wato ma'ajiyar hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama. Nan Akra kuwa, sashen safiyo da taswira na Hukumar Filaye za ka nufa. Kada ka ɓata lokaci kan tarin Aerofilms, kamfanin da ya buɗe wannan sana'a a Ingila a 1919, galibinsa garuruwan Birtaniya ne.

Sai ka nemi taswirar da ke nuna layin da jirgi ya bi, ka kwafe lambobin da suka ratsa unguwarku. Duba ma'auni kafin ka biya ko sidi ɗaya. A hoton 1:40,000, santimita guda mita 400 ce, gidan kakanka ko ƙwayar gero bai kai ba. 1:10,000 nake so.

Inda na sha wuya shi ne gane wuri. Na kwana biyu ina juya hoto a kan tabarma, na rantse ba Akra ba ce, ashe a kife na riƙe shi. Arewa ba dole ta kasance a sama ba, hoton yana bin inda jirgi ya fuskanta ne. Kuma ni masallacin ƙasa na Kanda nake nema, wanda sai 2021 aka buɗe shi! Ka kama abin da ba ya gusawa: bakin teku, tafkin Korle, kogin Odaw, layin dogo, maƙabarta. Daga nan ka bi hanya a hankali da madubin ƙara girma. In ka kusa, kai wa wani dattijo, ka ce, "Baba, ina rijiyar take a da?" Sau da yawa yatsansa zai riga naka sauka.

Karɓi hoton gaba da na baya, don kowanne ya hau kan ɗan'uwansa da kusan kashi 60 cikin ɗari. A yi maka sikanin mai kyau, ba ɗauka da waya ba, sannan ka rubuta lambar da shekarar a jikin fayil.