Yadda ake sa hoto ya riƙa bin ɗan wasa a Unity ba tare da rawa ba

A Unity, manhajar haɗa wasannin bidiyo, sandar lafiya a saman kan ɗan wasa, ko sunansa, ko baƙin mayafi mai rami a tsakiya da ke nuna iya inda fitilarsa ta haska, duk aiki ɗaya ne: hoto ake so ya manne da abin da ke motsi. Kafin ka rubuta ko layi guda, ka fara yanke inda hoton zai zauna, domin wurare biyu ne kuma ma'auninsu daban. Ɗan wasa yana cikin filin wasan, inda ake ɗaukar ma'auni ɗaya a matsayin mita guda. Hoton da ke kan Canvas (shimfiɗar da ake ɗora maɓallai da rubutun allo) mai tsarin Screen Space - Overlay kuwa a fuskar allo yake, inda ake ƙirga da fiksel tun daga kusurwar ƙasa ta hagu. Idan ka kwafi matsayin ɗan wasa ka ba hoton kai tsaye, ɗan wasan da ke tsaye a 5 da 2 zai jefa hoton fiksel na 5 da na 2, ya maƙale can lungun ƙasa kamar ba ya motsi. Nan yawancin sababbin hannu ke fara tuntuɓe.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka ja hoton ka sa shi ƙarƙashin ɗan wasa a Hierarchy, wato jerin abubuwan da ke cikin filin wasan, ya zama duk inda ya je da shi ya je. A ƙaramin wasan 2D wannan ya wadatar. Sai dai hoton zai gaji duk halin ɗan wasan: in ya juya, hoton ya juya, in kuma ka mai da fuskarsa hagu ta hanyar sa localScale.x ya zama -1, rubutun sunansa zai fito a birkice. Maganinsa ka yi amfani da flipX na SpriteRenderer. A 3D kuwa hoton zai ƙanƙance idan kyamara ta yi nisa, bango ma zai iya rufe shi.

In kana son hoton ya tsaya da girmansa, ya kuma kasance a saman komai, ka bar shi a kan Canvas ɗin Overlay ka riƙa fassara masa matsayin ɗan wasa a kowane firem. Ka ƙirƙiri Image, ka sa Pivot ɗinsa 0.5 da 0 domin gindinsa ya zauna daidai wurin da ka nuna, sannan ka rubuta wannan, ka kuma haɗa masa kyamara da ɗan wasa da hoton a Inspector, wato tagar saituna:

void LateUpdate()
{
    Vector3 wuri = kyamara.WorldToScreenPoint(danWasa.position + Vector3.up * 2f);
    hoto.enabled = wuri.z > 0f;
    wuri.z = 0f;
    hoto.rectTransform.position = wuri;
}

Lambar 2 ɗin nan tsawon ɗan wasa ce, ka daidaita ta da naka. An ƙara ta tun kafin fassarar da gangan, domin hoton ya zauna a saman kai ko kyamara ta matso ko ta ja baya. Layin da ke duba z kuma ba ado ba ne. Ƙimar z ita ce nisan ɗan wasa a gaban kyamara, idan ya koma bayanta sai ta faɗi ƙasa da sifili, amma x da y su ci gaba da fitowa a juye, ka ga sunan wanda ke bayanka yana yawo a allo. Ka lura Image ɗin kawai aka kashe. Da SetActive ka kashe abin da rubutun ke kansa, LateUpdate zai daina aiki, hoton ba zai sake dawowa ba.

Canvas Scaler, mai daidaita girman Canvas da na allo, shi ma yana da nasa tarkon. A ce ka zaɓi Scale With Screen Size da ma'aunin 1920 da 1080, aka buɗe wasan a allo mai 1280 da 720. Ɗan wasa na tsakiya, wato fiksel 640 da 360. In Anchor ɗin hoton na kusurwar ƙasa ta hagu, ka zuba waɗannan lambobi a anchoredPosition, Canvas zai rage su da kashi ɗaya cikin uku, hoton ya sauka wajen 427 da 240. Ko dai ka tsaya kan position kamar yadda ke sama, ko ka raba da scaleFactor na Canvas. Idan Canvas ɗin Screen Space - Camera ne, position ba fiksel ba ne kuma, sai ka bi ta RectTransformUtility.ScreenPointToLocalPointInRectangle ka miƙa masa kyamarar Canvas ɗin. A Overlay null ake ba shi.

Sai batun rawa, wanda ya fi komai cin rai. Hoton na bin ɗan wasa amma yana karkarwa, ko yana biyo shi a makare. Kusan kullum matsalar jerin aiki ce. Dole ɗan wasa ya fara motsawa, kyamara ta bi shi, sannan hoton ya zo a ƙarshe. Shi ya sa aka zaɓi LateUpdate, mai gudana bayan Update a kowane firem, maimakon Update. Amma kyamarar ita ma galibi a LateUpdate take motsi, musamman in Cinemachine, kayan Unity na sarrafa kyamara, ke jan ta, don haka ka shiga Project Settings, sashen Script Execution Order, ka ba rubutunka lambar da ta fi ta kyamara girma. Idan Rigidbody, wato sashen da ke motsa abu da lissafin fiziks, ne ke tafiyar da ɗan wasan, ka tuna FixedUpdate, inda ake wannan lissafi, duk daƙiƙa 0.02 yake gudana, sau 50 ke nan a daƙiƙa, alhali allo na zana 60 ko 144. Ka kunna Interpolate a kan Rigidbody ɗin. Kada ka lulluɓe rawar da Lerp ko SmoothDamp masu tausasa motsi; hoton zai yi laushi, amma da ɗan wasa ya ruga a guje zai bar shi a baya.

Mai yin mayafin duhu ya sa faɗinsa da tsawonsa su ninka na allo sau biyu aƙalla, in ba haka ba ɗan wasa na kaiwa gefe ɗaya, ɗaya gefen zai buɗe. In kuwa kyamara kullum a tsakiya take riƙe da shi, ba a buƙatar rubutu ko kaɗan, ka kafe hoton a tsakiyar Canvas. Ka cire alamar Raycast Target a kan irin wannan hoto don kada ya tare maɓallan da ke ƙarƙashinsa. Idan hotunan masu motsi suna da yawa, ka ware musu Canvas nasu, domin motsin guda ɗaya na sa Unity ya sake lissafin dukkan Canvas ɗin da yake ciki.

A Godot, wata manhajar haɗa wasa irin Unity, ma tsarin bai canja ba. Ka sa hoton ƙarƙashin CanvasLayer, ka samo matsayinsa da unproject_position na Camera3D, ka kuma ɓoye shi duk lokacin da is_position_behind ya nuna ɗan wasa ya koma bayan kyamara.