Yadda ake raba gida da abincin leda ba tare da yara sun yi tawaye ba

Ranar da na yanke shawarar an gama cin abincin leda a gidana, da hannuna na ɗauki ragowar katan ɗin taliyar yara na miƙa wa maƙwabciyata. Asabar ce. Ranar Talata da ƙarfe bakwai saura kwata sai ga ni a bakin shagon layinmu, hijabi a kan kayan barci, ina cewa, "Malam, ba ni guda huɗu da ƙwai biyu, sauri nake." Mai shagon bai ce uffan ba, ya dai ƙulla mini a baƙar leda. Tun daga lokacin na ga mata da yawa sun faɗa wannan ramin, daga abokan aikina har ƙannena, kuma duk a wuri guda suke faɗawa. Tuwon dare bai taɓa gagarar kowa ba. Safiya ce ke kayar da mu, tsakanin sallar asuba da lokacin da mai Keke Napep zai fara danna oda a ƙofar gida.

Ba zan koya miki tuƙa tuwo ko kaɗa miyar kuka ba. Idan ba ki iya ba, ki koma wajen gyatumarki tukuna.

Mataki na farko: tara ledojin mako guda

Kada ki zubar da komai, kada ki yi wa kowa wa'azi. Samo tsohon bokiti ki ajiye a bayan ƙofar kicin, duk ledar da aka yage a gidan da duk gwangwanin da aka fasa a jefa a ciki: taliya, biskit, ledar tumatir, takardar dunƙule, robar lemo. Ranar Juma'a ki juye shi a ƙasa ki ƙirga. Ni na ɗauka taliya ce matsalata, sai na tarar takardun dunƙule sun fi komai yawa, ledojin biskit na bin su. Abin da ya fi yawa a bokitinki shi ne aikinki, ba abin da ya fi yawa a na wata ba.

Kuma a fahimce ni, niƙa da surfe da shanya duk sarrafawa ne, daddawa ma ai sarrafa kalwa aka yi. Ba su nake nufi ba. Juya bayan leda ki karanta abin da aka haɗa. In kin ga jerin sunayen da babu ko ɗaya a ɗakin girkinki, ga gishiri da sukari da mai a sahun gaba, to shi ne.

Mataki na biyu: kasuwa

A nan Kaduna, kayan gwari kasuwar Bakin Dogo nake zuwa, da sassafe kafin rana ta dafa su. Hatsi kuwa kasuwar Kawo ranar Talata, in ban samu zuwa ba na shiga kasuwar Gumi. Wadda take da hali ta sayi gero da dawa da wake da waken suya da kaka, wajen Nuwamba zuwa Disamba, lokacin da mudu ke saukowa. Wadda ba ta da shi ta haɗa kai da mata biyu ko uku su raba buhu. Sayen gwangwani-gwangwani a shagon unguwa shi ke sa mutane cewa abincin gida ya fi tsada.

Wake sai kin shinshina. In kin ji warin magani, ajiye musu kayansu ko da farinsa ya kai auduga. Ba wasa ba ne, a shekarar 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa, mu kuwa a nan shi muke ci. Na fi son wake mai ɗan huji nan da can a kan mai santsi da ƙwaro ke tsoro. In kin kawo gida, ki baza shi a rana yini guda, ki zuba a busasshiyar jarka har wuya, ki toshe bakin sosai. Ƙwaro ba ya rayuwa inda babu iska. Gyaɗa kuma a tsince ta ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ta motse ko ta yi baƙi ko fumfuna a zubar, don gubar fumfunar nan hanta take ci kuma wuta ba ta kashe ta.

Mataki na uku: safiya

Nan ne na faɗi, nan zan daɗe.

Abin da taliyar leda ke sayar miki ba daɗi ba ne, minti biyar ne. Matuƙar ba ki da wani abu a gidan da zai sauka daga wuta cikin minti goma, za ki koma shago, ko da kin rantse. Saboda haka kafin ki taɓa katan ɗin nan, sai kin tanadi abubuwa biyu a ajiye: garin kunu da garin wake.

Garin kunu nawa haka yake: gero mudu biyu, waken suya mudu ɗaya, gyaɗa rabin mudu, dabino cikin tafi uku an cire ƙwallon an shanya ya bushe ƙayau, citta 'yar kaɗan da kanumfari. Cittar ki nemi ta Kachia, ta fi ƙamshi da yaji, kaɗan ta isa. Geron a wanke a rege tsakuwa, a shanya, sannan a ɗan soya shi sama-sama a busasshiyar tukunya. Gyaɗa a soya a murje ɓawon.

Waken suya shi ne mai rigima. Karona na farko na ji tsoron kada ya ƙone, na sauke shi yana fari-fari. Kunun ya fito da gafi, autana ya kurɓa sau ɗaya ya ture kofin ya ce, "Umma, wannan warin akuya yake." Daren nan kuma cikin kowa ya kumbura. Ɗanyen waken suya yana da abin da ke hana ciki narkar da abinci, zafi ne ke kashe shi. Ki soya shi a ƙaramar wuta kina juyawa ba tsayawa, har ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, ɓawon ya tsage, in kin tauna ya yi ƙaras kamar soyayyar gyaɗa. Mudu ɗaya yakan ci mini kusan rabin awa a kan gawayi. Sannan a ɓarza shi a turmi, a bushe dusar da faifai. Kada ki haɗa kayan da zafinsu. Ki baza kowanne a tire ya huce sarai, in ba haka ba gumi zai sauka a cikin garin ya dunƙule shi, kafin mako ya fara tsami.

Sai wajen niƙa, inda na yi asarar mudu uku da rabi a zama ɗaya. Na aiki yaro da kayan, ya dawo da gari mai kyaun gani, na dama da safe sai kowa ya hau atishawa. Ashe wadda ta riga shi yaji ta niƙa. Da na koma na yi magana, mai injin cewa ya yi, "Hajiya, ai ba a faɗa mini na kunu ba ne." Gaskiyarsa. Yanzu da kaina nake zuwa, da sassafe kafin layi ya taru, ina riƙe da gwangwani guda na tsabar masara. Ita ake fara zubawa ta wanke injin, a ba kaji, sannan a zuba nawa. A niƙa sau biyu. Ki tankaɗe a gida, ki sake baza shi ya sha iska domin inji ma yana zafafa gari, sannan ki zuba a roba mai murfi.

Kada ki yi na wata uku don ki huta. Man gyaɗa da na waken suya suna cikin garin, kuma a zafin Maris da Afrilu na Kaduna ba ya daɗewa yake fara warin tsohon mai. Na mako uku ya isa.

Damawa kuma ba kamar gasara ba ce. Soyayyen gari ba ya kama jikinsa da zuba tafasasshen ruwa kawai. Ki kwaɓa da ruwan sanyi, ki juye a tukunyar ruwan da ke tafasa kina motsawa, ki bar shi minti biyar a wuta. Ruwan tsamiya a ƙarshe in ana so. Ni ba na sa sukari, dabinon ya wadatar, amma makon farko ki sa musu rabin abin da suka saba, kada ki yi gaddama da yaro da ƙarfe shida.

Garin wake ya fi sauƙi. Ki surfa wake, ki wanke, ki shanya ya bushe sosai, a niƙo. Da kin idar da sallar asuba ki kwaɓa da ruwan ɗumi, ki rufe, ki je ki tashi yara. Kafin su gama wanka ya jiƙa, sai ki buga shi da kyau da jajjagen albasa da attaruhu ki saki ƙosai. Masu cewa bai kai na ɗanyen markaɗe tashi ba sun yi gaskiya, bai kai ba. Amma babu mai injin da zai buɗe miki da asuba, wutar NEPA kuwa kin san halinta. Da garin nan ake alale, a ƙulla da dare a dafa, da safe ɗumamawa kawai.

Abin tafiya makaranta shi ma da dare ake yanke hukuncinsa. Dafaffen dankalin Hausa da ƙuli-ƙuli, ko dafaffen ƙwai, ko awara, ko ragowar dambu. Ayaba ɗaya, ko goba, ko yankan gwanda. Biskit ɗin da aka saba sakawa a maye gurbinsa da gyaɗa da dabino a ƙaramar roba. Za su dawo miki da shi kwana biyu na farko, musamman in na kusa da su a aji yana buɗe leda mai ƙyalli. Ki ba su zaɓi tsakanin abu biyu da ke kika zaɓa, "awara ko dankali?", ya fi "ci ko ka bari" aiki nesa ba kusa ba.

Sai kin yi mako biyu cif kina fitar da yara ba tare da kin yaga leda ba, sannan ki daina sayen katan.

Mataki na huɗu: dunƙule

Kada ki cire shi rana ɗaya. Na gwada, Abbansu ya kai loma biyu ya ce, "Yau wani ne ba lafiya a gidan?" Kusan rabin ɗan dunƙulen nan ko fiye gishiri ne, mu kuma mukan jefa huɗu ko biyar sannan mu ƙara gishiri a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato ƙasa da cokalin shayi guda, kuma hawan jini ba baƙo ba ne a gidajenmu. In biyar kike sawa, koma huɗu na mako biyu, sannan uku. Harshe yana sabawa in ba a firgita shi ba.

Gurbin kuma a cike shi da daddawa ta kalwa, wadda aka daka tare da busasshen kifi, citta, masoro da tafarnuwa. Ki daka da yawa ki ajiye a kwalba, cokali guda a miya. Albasa a soya ta har ta yi ja kafin a zuba komai. Ni yanzu ɗaya nake sawa a tukunyar mutum shida, a miyar kuka da kuɓewa ba na sawa sam, kuma ban yarda akwai miyar kukar da ke buƙatarsa ba.

Mataki na biyar: tumatir

Daga Janairu zuwa Maris, lokacin da kwando ke araha, ki saya da yawa tare da tattasai da attaruhu. Rabi a yanka a shanya a kan tabarma mai tsabta, iskar hunturu za ta gama aikin. Rabi a markaɗa a tafasa har ruwan ya ƙone ya koma kamar kwaɓi, a soya da mai, a zuba a kwalabe da aka tafasa, mai ya rufe saman. Wanda kika buɗe ki gama da shi cikin kwanaki kaɗan. Kada ki dogara da firiza sai in kina da sola. Duk wadda ta yi girki a garin nan a 2016, shekarar da tsutsa ta cinye gonakin tumatir har gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa, ta san darajar busasshen tumatir a buhu.

Sauran

Lemon kwalba ya koma na baƙi da ranar suna. Zoɓo da citta da ɓawon abarba, kunun aya, ko ruwan tsamiya, amma in za ki juye musu gwangwanin sukari to ba ki yi komai ba. Ganye kullum, ko zogale ko rama ko alayyahu, kwaɗo ko a cikin fate. Acca sau ɗaya a mako in aljihu ya yarda, don ta yi tsada yanzu. Wake a jiƙa shi tun dare maimakon a cika masa kanwa, gas ma zai ragu.

Burodi ne har yau ban rabu da shi ba. Abbansu ba ya shan shayi sai da shi, na kuma gaji da maganar. Na mayar da shi Laraba da Lahadi, da ƙosai a tsakiya a madadin bota.