Darasi na 7: Dukiyar da Ke Kwance a Dausayi

Akwai wata irin ƙasa da ake samu a dausayin da ruwansa ba ya ƙafewa. Ganye da saiwa da rassa suna mutuwa a cikin ruwan, amma da yake iska ba ta ratsawa, ba sa ruɓewa duka. Sai su yi ta taruwa, wani kan wani, shekara da shekaru. Sunan wannan ƙasa fit. In ka damƙo ta za ka ji ta tuɓus kamar jiƙaƙƙen soso, baƙa-baƙa. Ka matse, ruwa ya tsiyayo, ka ga zaren saiwar da ta mutu tun kafin a haifi kakannin kakanninmu. Kaurinta yana ƙaruwa da kusan milimita 1 kacal a shekara.

Tsiro yana zuƙar iskar kabon, wadda yawanta ke ɗumama duniya. In ya mutu a dausayi, kabon ɗin yana nan kulle muddin akwai ruwa. Dausayin fit bai wuce kashi 3 cikin 100 na doron ƙasa ba, amma kabon da ya riƙe ya fi na itatuwan dazuzzukan duniya gaba ɗaya. A 2017 masana suka bayyana girman wanda ke tsakiyar dajin Kwango: ya fi Ingila faɗi, yana ɗauke da kabon kusan tan biliyan 30.

To, ina maganar kuɗi? Mu duba Indunusiya. An haƙa magudanai an janye ruwan domin a shuka kwakwar manja da itatuwan yin takarda. Riba ta zo da wuri. Amma busasshiyar fit makamashi ce. In ta kama, wutar tana ci ta ƙarƙashin ƙasa har makonni, ana ganin hayaƙi ba a ganin harshenta. A 2015 gobara ta cinye hekta miliyan 2.6 a Indunusiya. Hayaƙi ya kai Malesiya da Singafo, aka rufe makarantu, jirage suka kasa tashi, mutane suka yi ta fama da ciwon ƙirji. Bankin Duniya ya ƙiyasta asarar a kan dala biliyan 16. Talakan da bai ci ribar gonar ba, shi ya sha hayaƙin.

Ko babu gobara, ƙasar da aka janye wa ruwa nutsewa take yi. A Holme da ke Ingila, an kafa wata sandar ƙarfe a wajajen 1850, kanta daidai da ƙasa. Yau kusan mita 4 na sandar suna waje.

Gyaran yana farawa da toshe magudanan da katako da buhunan ƙasa, ruwa ya dawo. A 2016 Indunusiya ta kafa hukuma ta musamman domin wannan aiki. Akwai kuma kasuwar kabon, inda kamfanoni ke biyan kuɗi kan kowane tan da aka hana tashi sama. A ganina, masu kamun kifi da manoman da ke zaune a bakin dausayin su ya kamata su fara ganin kuɗin nan, domin su ne masu gadinsa dare da rana.

Aikin yi: Mita 1 milimita 1,000 ce. Lissafa a littafinka shekarun da fit mai zurfin mita 4 ta ɗauka kafin ta taru, sannan ka karanta wa na kusa da kai amsarka.